Switch 2 a shagon gem na Jos: Mario ya iso, amma ƙwallo ce ke biyan haya

Sana'ata shagon gem ce, a nan Jos, ta wajen Bauchi Road. Talabijin ne jere a jikin bango, kowanne da bencinsa, yawancinsu PS4 ke haɗe da su, sai PS5 da na ƙara daga baya da hali ya ɗan samu. Tun cikin damina na shigo da Nintendo Switch 2 na ba ta kusurwa guda, kuma yanzu na ga abin da ya ishe ni in yi magana a kanta. Na'ura ce mai kyau, wasanninta akwai daɗi, wannan babu gardama. Amma duk wanda ya ce maka sunan Mario kaɗai zai sayar da ita a garin nan, to bai taɓa wuni a shagon gem ba.

Labarin cinikinta ne ya fara ja na. Ranar 5 ga Yuni, 2025 ta fito, cikin kwana huɗu kamfanin ya ce an sayi fiye da miliyan 3.5, abin da babu wata na'urarsu da ta taɓa yi. Zuwa ƙarshen Satumba an haura miliyan 10. In ka duba kuma, babban sabon wasan Nintendo ɗaya tak ta fito da shi ranar farko, wato Mario Kart World, wasan tseren motoci. Babu sabon Zelda, babu sabon Mario mai tsalle-tsalle, Donkey Kong Bananza ma sai 17 ga Yuli ya biyo baya. Na ce to, tunda suna ɗaya ya iya tara wannan jama'a a Amurka da Japan da Turai, bari mu ga ko zai cika mini benci guda.

Da ta fito a 2025, a Amurka dala 450 aka sayar da ita zalla, dala 500 in da Mario Kart a ciki. Lokacin dala na wajen naira 1,500, ka ga tun kafin ta hau jirgi ta kai dubu 750. Ƙanena ne ya saya mini a Abuja, a wani shago a Wuse 2, kuma da kuɗin kawowa da ribar mai shago sai da ta doshi dubu 900. Da wannan kuɗin zan zuba PS4 na hannu guda biyu da fad-fad ɗinsu, wato abin da ake riƙewa a hannu ana danna wasa, har in sami canjin man janareta.

Jikinta dai ba a cewa komai. Allon inci 7.9 ne, ya fi na tsohuwar Switch faɗi, hoto garau. Ƙananan fad biyun da ke gefenta yanzu maganaɗisu ke riƙe su, kana kai su kusa sai ka ji ƙas, sun kama. Akwai mazaunin da ake dasa ta a ciki hoto ya koma talabijin, har 4K in talabijin ɗinka na ɗauka. Ana kuma iya kifa fad ɗin a kan tebur a riƙa jan sa irin na maus ɗin kwamfuta. Na gwada, na ajiye, ban ga wanda ya sake nema ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa, ba na jin waɗanda suka tsara ta a Kyoto, can Japan, sun yi shi ne domin mu. Batir na cikinta ko tana kan talabijin. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, talabijin ne kawai ke mutuwa. Sai ka zare ta daga mazauninta, wasan na nan inda ka bar shi. Duk mai shago ya san rigimar ɗaukewar wuta a minti na 80 wani na cin 2-1. Mai ci ya rantse sai an ba shi nasararsa, wanda ake ci ya ce ai saura ƙiris ya rama, kai kuma kana waje kana fama da igiyar janareta, ka dawo ka tarar kowa ya ƙi biya. Da Switch 2 wannan shari'a ba ta tasowa. Ga rashin cin wuta: ba ta kai wat 30, alhali PS5 na shan wajen 200 in wasa ya yi nauyi. Mai ƙaramin sola a gida zai gane abin da nake nufi.

Batirin kansa ba wani abin yabo ba ne. Kamfanin ya ce awa 2 zuwa 6 da rabi, kuma da Mario Kart ka sa ran ƙasan lissafin. Ƙananan fad ɗin ba a yi su don hannun samarinmu ba, masu danna maɓalli da ƙarfin tsiya, don haka dole na ƙara kuɗi na sayi babban fad, wanda shi ma ya haura dala 80. Sauƙin ɗaya shi ne na tsohuwar Switch suna aiki a kanta. Ma'ajiyarta 256GB ce, in ta cika kuma memorin da ka saba saye a kasuwar Terminus ba zai yi ba, sai wani mai suna microSD Express, mai tsada.

Ranar da na fara kunna Mario Kart World samari suka leƙo, suka ga launuka da ƙananan motoci, wani ya ce, "Oga, katun ka sayo mana? Wannan ai na yara ne." Na ce su zauna, tseren farko kyauta. Mutum huɗu suka raba allo ɗaya. Motoci 24 ke tashi a tsere guda, kuma akwai wani salo da na fi so, wanda ake tafiya doguwa ba zagaye, a kowane shinge a zubar da huɗun baya, daga 24 zuwa 20, zuwa 16, har a rage huɗu a ƙarshe. Cikin direbobin da ake zaɓa har da saniya, saniya sosai mai ƙaho, zaune ɗare-ɗare a kan babur. Wani ƙaramin yaro ya zaɓe ta ana masa dariya.

Akwai wani bakanike, ƙato, da ke zuwa kullum bayan la'asar, wanda a ƙwallo ba a cika iya masa ba. Shi ke gaba tun daga shinge na uku, har ya fara surutu yana cewa ai duk gem ɗaya ne in ka iya ka iya. Ana ganin layin ƙarshe sai ga shuɗin ƙoƙon kunkurun nan, wanda ba ya neman kowa sai na ɗaya, ya zo ya yi shawagi a kansa ya tarwatsa shi. Motarsa na juyi a sama, saniya ta zo ta wuce fuu. Shagon ya kaure da ihu. Ya miƙe tsaye da fad a hannu: "Wallahi ban yarda ba, Oga, a sake!" Aka sake, aka kuma sakewa, har aka kira magariba. Da aka dawo daga masallaci ya zauna a bencinsa na kullum ya ce, "Oga, sa mana ƙwallo."

Haka abin yake har yau. In an zauna a kansa ana jin daɗinsa, amma ban ga wanda ya baro gida musamman dominsa ba, in ka cire yara ƙanana da ke zuwa ranar Asabar da bayan an taso daga Islamiyya. A gida ne ya yi kasuwa. Wani lokaci nakan tafi da ita da daddare, 'ya'yan yayata mata, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar shagon ba, su kwana suna tsere, ƙaramarsu in ta gan ni hannu sake sai ta ce, "Kawu, ina na saniyar?" Wasan kansa ba ya rasa aibi a wurina. Tsakanin wani filin tsere da wani akwai dogayen tituna miƙaƙƙu da ba abin da kake yi sai riƙe giya, kuma yawon da ake bari ka yi a cikin duniyar wasan, bayan ɗan lokaci sai ka ji ba kowa a garin. In mutum uku ko huɗu suka raba allo, santsin hoton na raguwa da rabi. Duk da haka mutum huɗu ne ke biya a kan talabijin ɗaya, wannan kuwa mai shago ba ya raina shi.

To ai akwai ƙwallo a Switch 2, wani zai ce. Akwai. EA Sports FC 26, wanda har gobe FIFA muke ce masa ko da yake tun 2023 suka rabu da sunan, ya fito a kanta a Satumbar 2025, kuma ya fi irin wanda aka daɗe ana kai wa tsohuwar Switch, da sai dai a canza riguna da sunayen 'yan wasa a sake sayarwa. Sai dai hoto 30 yake yi a daƙiƙa, na PlayStation kuwa 60. Kada ka ɗauka yaranmu ba sa ganewa. Ba su san lissafin ba, amma minti biyu da farawa za ka ji an ce, "Oga, wannan ɗan wasan nauyi gare shi." Ga kuma GTA V, na biyu a farin jini a shagona, babu shi a Switch kwata-kwata.

Nan ne maganar take. Wasan da ke sayar da na'ura a ƙasar nan ba mallakin kowane mai ƙera na'ura ba ne. Tun zamanin PS1 haka yake. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna Winning Eleven na Konami, mai sharhi da Japananci ba ma jin ko kalma, muna ɗaukar Najeriya saboda Tijjani Babangida, da in ka sakar masa ƙwallo a gefe babu mai kamo shi, ko mu ɗauki Barazil mu mai da Roberto Carlos ɗan gaba. Daga nan aka koma PES a PS2, sannan FIFA ya ƙwace kasuwa. Babu ɗaya cikinsu da Sony, mai ƙera PlayStation, ya yi. Abin da Sony ya samu a wajenmu shi ne hannunmu ya saba da fad ɗinsa, masu gyara sun san cikinsa, na hannu kuma na shigowa da araha. God of War da Spider-Man, wasannin Sony na kansa, mutum ɗaya ke yi, labari ne mai tsawo. A shagon da ake biyan naira 200 wasa ɗaya ba su da mazauni.

Ba wai ba mu san Mario ba. Mun san shi sarai. Mun yi shi a irin na'urorin nan na kwaikwayo da ake kawowa daga Asiya, masu kaset rawaya da aka rubuta wasa 9999 a jiki alhali guda goma ne ake maimaitawa, da bindigar harbin agwagwa, da adaftar da ke zafi har sai an kashe ta huce. Amma daga nan muka rabu da shi. Yaron Amurka da ya yi Super Mario Bros. na 1985 ya bi shi zuwa Super Mario Kart na 1992, zuwa Mario 64, zuwa Wii, yau kuma shi ke saya wa ɗansa. Mu daga kaset rawaya muka tsallaka Sega da Mortal Kombat, muka faɗa PlayStation, ba mu waiwayo ba. Sunan mai kilishi, komai shahararsa, wanda ya saba ci yake tayar wa kwaɗayi. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya yana yaro sai dai ya ce ya taɓa jin labarinsa.

Ko a can ƙasashen ma ban yarda suna kaɗai ke aikin ba, kuma hujjata daga Nintendo ɗin ta fito. A 2012 suka fitar da Wii U. Ta sami Mario Kart 8 a 2014, ta sami Super Mario 3D World, ta sami Smash Bros., duk manyan sunayen gidan. Duka-duka miliyan 13.56 aka sayar, alhali Wii da ta gabace ta ta haura miliyan 100. Mario Kart 8 ya sayar da kusan miliyan 8 da rabi a kanta, wato cikin mutum goma masu na'urar wajen shida sun saye shi. Ka ga waɗanda suke ciki sun so shi ƙwarai, amma bai jawo na waje ba. Mutane da yawa ba su ma gane sabuwar na'ura ce ba, sun zaci wani allo ne da ake ƙara wa Wii. Sauran kamfanoni suka janye, FIFA sau ɗaya ya leƙa ta, FIFA 13, bai koma ba. Sai aka ɗauki wannan Mario Kart 8 ɗin, aka ɗan gyara shi, aka sa a Switch a 2017, ya haura miliyan 60. Wasan bai canza ba. Na'urar ce ta zama abin da kowa ya gane amfaninsa da kallo ɗaya: ka yi a talabijin, ka zare ka tafi da ita.

In za a yi adalci, akwai lokacin da suna ya ja na'ura da igiya. A watan Maris na 2017 da Switch ta fito tare da Zelda: Breath of the Wild, a Amurka an sayi wasan fiye da yawan na'urar kanta, wasu sun riƙe kaset suna jiran a kawo abin da za su sa shi. Sai dai wannan ba don sunan Zelda ba ne kawai, don wasan ya zo da abin da ba a saba gani ba ne. Ita ma Switch 2, ban da Mario Kart, ta tarar da mutum fiye da miliyan 150 da suka sayi ta farko, kuma yawancin tsofaffin kasetansu na aiki a sabuwar. Wanda ke da kaset ashirin a durowa ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Wani abin da ke ba sunayen Nintendo ƙarfi shi ne rowa. Ba za ka ga Mario Kart World ko Zelda a PlayStation ko kwamfuta ba. Sony ya kai God of War da Spider-Man kwamfuta a 2022. Microsoft mai na'urar Xbox kuwa ya kai Forza Horizon 5 da Gears of War kan PS5 a 2025, har Halo, da aka gina Xbox a kansa tun 2001, an sanar zai bi sahu. In wasanka na ko'ina, me zai sa in sayi na'urarka?

Ina da mutum ɗaya da ke tabbatar da maganar masu cewa suna na sayarwa. Ɗalibi ne a Jami'ar Jos, ya taso da Switch ɗin wani ɗan'uwansa da ke zaune a Ingila. Yana jin na kawo Switch 2 ya zo, bai tambayi ƙwallo ba, bai tambayi tsere ba, ya ce, "Yaya, kana da Zelda?" Yakan zo da safe lokacin da shago ba kowa, ya biya na awa, ya zauna shiru yana hawan duwatsu. Shi ne ma ya fara gama mini Donkey Kong Bananza, wasan goggon birin nan da ke farfasa ƙasa da duwatsu da naushi, wanda a ganina ya fi Mario Kart nuna ƙarfin na'urar. Ya ce yana tara kuɗi ya sayi tasa. Na yarda da shi. Amma shi kaɗai ne a cikin duk masu shigo mini.

Sai tsadar wasanni, wadda ita ce babban shinge. Mario Kart World in za ka saye shi daban dala 80 ne, wajen naira dubu 120, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. A farashin shagona sai an yi wasa 600 kafin kuɗin kaset ɗaya ya dawo. Donkey Kong dala 70. Kuma Nintendo ba su cika rage farashi ba. Mario Kart 8 Deluxe na 2017 har yau dala 60 ake rubuta masa, alhali FC in ya yi 'yan watanni sai ka same shi a rabin kuɗi. Amfanin hakan ɗaya: kaset ɗinsu ba ya faɗuwa in ka tashi sayarwa. Tambayar farko da duk mai sha'awar saye ke yi mini ita ce, "Ana loda mata gem?" Ba a lodawa. Da na faɗi haka rabinsu ke juyawa. Shagonsu na intanet kuma babu Najeriya a jerin ƙasashensa, a Afirka sai Afirka ta Kudu, don haka mutane kan buɗe asusu da sunan wata ƙasa su sayi katin kuɗi. Wannan matsala ce da masu PlayStation ma suka sani.

Wani Alhaji da yaransa ke zuwa ranar Asabar ya tsaya ya kalle su suna tsere, ya ce, "Malam, in saya musu ne?" Na ce masa, Alhaji, in don gida ne, ga yara maza da mata, kuma kuɗin ba zai taɓa na makaranta ba, saya, ba za ka yi nadama ba: a wasannin Mario babu jini, babu zagi, akwai manhajar waya da za ka ƙayyade musu lokacin wasa, kuma ɗaukewar wuta ba ta dame ta ba. In kuwa babban ɗanka ne ke matsa maka kuma ƙwallo yake so, PS4 ta hannu ta ishe shi. Ga 'yan'uwana masu shago, kada ta zama ta farko ko ta biyu da za ku saya. In benci ya kai shida kuna neman abin da zai jawo yara da safe, a lokacin ne za a yi maganarta.

Wanda zai saya ya lura da abu biyu. Wasu kasetan na Switch 2 ba wasa ba ne a cikinsu, mabuɗi ne kawai. Sai ka sa shi sannan ka sauke wasan gaba ɗaya daga intanet da datarka, kuma duk ranar da za ka yi wasan sai kaset ɗin na ciki. Street Fighter 6 haka yake, Cyberpunk 2077 kuwa cikakke ne a kaset. Akwai farin layi a ƙasan kwalin mai hoton mabuɗi, duba shi kafin ka biya. Na biyu, in ta hannu za ka saya, kada ka ba da kuɗi sai an haɗa ta da intanet a gabanka an shiga shagon Nintendo, domin kamfanin na toshe na'urar da aka kama an sa mata kaset na kwafi, kuma toshewar a jikin na'urar take, ba a asusun mai ita na farko ba.